Kiɗan Kawu Idi, Hoton Majid

Ranar Alhamis ce, kwana biyar bayan babbar sallah, a shekarar da na cika goma sha ɗaya, Umma ta aike ni saman bene in kwaso shanya kafin rana ta cinye launin kayan. Gidanmu a unguwar Mansur ta Makka yake, hawa uku, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. A saman benen, wanda muke kira sutuh, akwai wani ɗakin kwano da aka jingina wa tsofaffin katifu ta ciki don kada sauti ya fita. Ina cikin zare zannuwa daga igiya, tantabaru na ta tsalle a kan tankin ruwa, sai na ji wani kiɗa da ya sa na saki kwandon kayan. Na leƙa ta ƙofa. Kawu Idi ne, ƙanin Umma, zaune a kan gwangwanin man girki. Bai daɗe da dawowa daga Mina ba, inda ya yi kwanaki yana tura tsofaffin alhazai a keken guragu, tafukan hannunsa duk sun yi bororo. Ya ɗaure yatsu biyu da tsumma yana kaɗa jita mai lantarki, idonsa a rufe. Babana yana tsaye a kansa da kofin shayi, bai ko kurɓa ba, can sai ya fara ɗora murya a hankali. Kafin a kira magariba waƙa ta kammala, ni kuwa na sha faɗa saboda kayan da na bari a ƙasa.

Su huɗu ne, mutanen unguwa na ce musu 'Yan Sutuh. Baba shi ne mai waƙa, da rana kuma direba ne. Akwai Dogo mai ganguna, da Bala mai jita mai kaurin murya. Amma Kawu Idi ne ya tara su tun suna samari, tun kafin Baba ya auri yayarsa. Shi ya fara jin kiɗan Turawan nan mai ƙarar jita da ake kira rok, a wasu kaset-kaset da ake shigo da su daga Jidda a ɓoye, ya yi ta saurara har ya gane yadda ake yi, sannan ya haɗa shi da salon kalangu da goge da ya ji a bakin kakarmu lokacin da take rera waƙoƙin gida tana wanki. Bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba. Yana da shekara uku iyayensa suka zo da shi aikin Hajji suka zauna, babu iƙama, wato takardar izinin zama, don haka bai taɓa shiga makaranta ba. Umma ta sami takarda ta hanyar aure, domin Baba haifaffen nan ne, ɗan ƙasa. Kawu bai samu ba. Ya kan ce, "Ni jita ce kaɗai ba ta taɓa tambayata takarda ba."

Wannan shekarar ita ce ta ganiyarsu. A lokacin kiɗa abin ɓoyewa ne a Makka, sai dai a gidajen shaƙatawa na bayan gari da ake haya don biki, kuma babu bikin Bahaushe da zai amsa sunansa idan 'Yan Sutuh ba su je ba. Kusan kowane mako Kawu sai ya fito da sabon kiɗa. Wani ya samo shi daga ƙarar injin jan ruwa, wani daga yadda mai sayar da tsire na bakin layinmu ke buga wuƙa a katako. Mu yara mun haddace su duka. In mun taso daga makaranta, mun ci shinkafa, mun wanke kwanuka, mun hau da jarkokin ruwa har hawa na uku, sai mu taru a matakala muna 'yar carafke muna rera su. Ni ce 'yar gaban goshinsa. Shi ke raka ni sayen burodin tamis da safe, shi ya gyara mini takalmi da waya, kuma ni kaɗai yake bari in taɓa tsirkiyar jitar.

Sai wani mai ɗakin ɗaukar sauti a Jidda ya aiko cewa yana son ya fitar musu da kaset. Tsakanin Makka da Jidda akwai shingen bincike, kuma marar iƙama ba ya wucewa. Kawu ya ce a kawo na'urar sutuh a ɗauka a nan, mutumin ya ƙi. Baba bai yi gardama da kowa ba. Ya nemo wani saurayi mai suna Majid, jikan Hausawa ne amma ko gaisuwa bai iya da Hausa ba, yana da takarda, yana da saurin hannu. Abin da ya rage shi ne yadda Majid zai koyi kiɗan, domin Kawu ba zai koya wa wanda zai maye gurbinsa ba. Wata rana Baba ya kira ni ɗakinsa, ya ba ni ƙaramar rikoda, ya ce in hau in ce wa Kawu ina so in riƙa ji idan ina aikin makaranta. Ya gaya mini dalilin, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce idan na yi, zai tafi da ni Jidda in ga teku.

Ban taɓa ganin teku ba. Na hau.

Kawu ya yi murna har ya zaunar da ni a kan gwangwaninsa, shi ya zauna a ƙasa. Ya kaɗa mini waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Inda hannunsa ya yi sauri sai in ce, "Kawu, maimaita a hankali, ban ji ba," kamar yadda Baba ya koya mini. Wani wurin sau uku na sa shi ya maimaita. Da muka gama ya shafa kaina ya ce, "Safiya, ke ce kaɗai mai kunne a gidan nan." Na sauko na miƙa wa Baba rikodar, ko ɗar ban ji ba.

Bayan wata guda aka tafi. Baba ya ɗauki jitar da safe, lokacin Kawu ya fita dako, ya ce ai shi ya je Jidda ya kawo ta tun farko, don haka tasa ce. Suna cikin ɗakin ɗaukar sauti, ni ina bakin ruwa da matar Dogo ina shan askirim, igiyar ruwa na lasar ƙafata. Da zan ce na tuna da Kawu a ranar, da na yi ƙarya. Na ji daɗi ƙwarai.

Kaset ya fito da hoton mutum huɗu a bango, Majid a tsakiya riƙe da jitar. Babu sunan Kawu ko a ƙasa. A bakin layi ya fara jin sa, a wurin mai tsire, yana dawowa da buhun wani a kafaɗa. Ya same mu a matakala muna wasa, ya tsaya, gumi na zuba daga haɓarsa.

"Safiya," ya ce, "ranar nan da kika ce in maimaita, kin sani?"

Ƙawayena duk sun zuba mini ido. Sai na amsa masa da Larabci, da ƙarfi, don kowa ya ji, na ce ai shi ba shi da iƙama, me zai je yi Jidda. Suka fashe da dariya. Daga ranar muka ɗora wasu kalmomi a kan kiɗansa mafi daɗi, muna bin sa a lungu muna tafi: "Idi ba iƙama, Idi ba jita." Ni ce mai bayarwa, su suna amshi. Bai taɓa juyowa ba.

A gida ma abin bai tsaya nan ba. Baba ya ce shi yanzu an san fuskarsa a bangon kaset, bai kamata a ga marar takarda yana kwana a gidansa ba. Umma tana tsoron tata takardar da ke hannun mijinta. Ta koma zuba wa ƙaninta abinci tana ajiyewa a matakala, ni ke kai kwanon. Da ya ga haka sai ya koma unguwar Ka'akiyya, ɗakin da wasu 'yan dako shida ke kwana. Can aka kama su wata safiya, aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai san ko titi ɗaya a cikinsa ba. Umma ta yi kwana uku ba ta dafa komai ba, rana ta huɗu ta tashi ta ɗora tukunya, domin Baba na da baƙi.

'Yan Sutuh ba su ƙara yin sabuwar waƙa mai kan gado ba. Majid ya iya kwaikwayo, amma in aka ce ya ƙirƙiro sai ya tsaya yana kallon yatsunsa. Shekara biyu suna juya tsofaffin, har mutane suka gaji, kowa ya kama gabansa. Kowace shekara Umma ta kan tare alhazan Kano tana tambaya. Wani ya ce ya san wani mai tura baro a kasuwa da ke Hausa kamar Balarabe, ana ce masa Ɗan Makka, amma bai tabbatar ba. Har ta rasu ba mu sami wani labari ba.

Yanzu kiɗa ba abin ɓoyewa ba ne, matasa na cika filaye a Jidda suna kallon masu jita a fili. An rushe lungunmu, titi ya bi ta kansa. Wani ya ɗora tsohon kaset ɗin a intanet, 'yata na kunna shi a waya, tana karanto wa kakanta yadda mutane ke yaba hikimarsa da hannun Majid, shi kuma ya tsufa, yana gyaɗa kai yana murmushi, ina jin ya yarda da hakan da gaske. Da can muna da mai kiɗa babu inda zai kaɗa, yau ga wuri ko'ina, shi kuma ban ma san ko yana raye ba. 'Yata ta tambaye ni ko na san Majid ɗin nan. Na ce na san shi, na tashi na shiga kicin. Har yau ban iya faɗin sunan Kawuna a gidan nan ba.