Mangwaron da Ya Ɓoye Zafin Kaduna

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da ƙanwata. Saura ƙiris in kare binciken digirina kan yadda zafi ke ƙaruwa a Arewa, amma Kaduna ta ƙi ba ni haɗin kai. Awon zafi na shekara da shekaru a kowane gari yana hawa sannu a hankali, ban da na wata tsohuwar makaranta a Unguwar Shanu. Ya hau, ya hau, sai ya kwanta. Malamina ya ce in ban gano dalili ba, sai baɗi.

Titi dai lafiya lau, kuɗin mota ne ba lafiya. Direba ya cusa mu huɗu a baya, har tashar Kawo a Kaduna ƙafata ba ta san tawa ba ce. Nan muka sha koko a tsaye, da ƙosan da ya ƙanƙance kamar shi ma tsadar ta taɓa shi, sannan muka hau keke.

A makarantar muka tarar da tsohon malamin labarin ƙasa. Ya yi ritaya, amma kullum sai ya zo duba ma'aunin zafi. Ya kai mu wurin farin akwatin katakon da ma'aunin ke ciki. Ina hangowa na tsaya cak. A ƙa'ida, a fili akwatin yake zama, wannan kuwa ƙaton mangwaro ya rufe shi ruf.

"Baba, wa ya dasa bishiyar nan?"

"Ni ne, 'yata. Rana ce ta dame ni wajen dubawa. Shekarar da aka haifi autata na dasa ta."

Na tambayi shekarun autar, na lissafa lokacin da mangwaro ke ɗauka kafin ya yi inuwa. Daidai inda awon ya kwanta. Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa a gaban dattijo.

Da na yi masa bayani, ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe duk shekarun nan sanyin inuwata nake rubutawa." Ya yi dariya, ya cika mana leda da mangwaro.

Kafin la'asar muna gida. Na ware shekarun inuwa, nan take Kaduna ta bi sahun sauran garuruwa: zafin yana hawa, ba wasa. Tafiyar nan ta koya mini kada in ƙara yarda da lamba sai na ga inda aka auno ta.

Washegari na ajiye wa malamina aikin, na ɗora mangwaro ɗaya a kai. Sai da ya sa hannu sannan ya sha.