Hansai da Shirwar Gabas

A unguwar magina tukwane ta Wudil, ba a kunna wutar gashi da bazara sai Hansai ta fito ta kalli sama. An fi shekara talatin ana haka. Ba duba take yi ba, kada wani ya ɗauki alhakinta. Mahaifinta masunci ne, a cikin kwalekwalensa ya koya mata karatun shirwa. In rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi kan tashi, shirwa su hau ta suna kewaya ba tare da kaɗa fiffike ba. In suka yi ta hawa, gajimare na nan fari a warwatse, a gasa tukwane lafiya. In kuwa gajimaren gabas ya tsaya ya yi tsiri, gindinsa ya yi baƙi, shirwa suka sauko, to, a kwashe kaya. Ruwa ɗaya ya ishi tukunya mai zafi ta tsage.

Mace ce mai kafiya, ga baki. Da 'yarta Rahinatu, malamar firamare, ta fara nuna mata hasashen yanayi a waya, cewa ta yi wayar ta taɓa jiƙa a ruwan sama ne?

Abin da babu wanda ya sani shi ne, tun bara yanar ido ta fara rufe mata gani. Hansai ta ɓoye. Tsoro take ji, wallahi, don in aka ɗauke mata kallon sama, me ya rage? Tsohuwa ce kawai mai ciwon gwiwa.

Ranar wata Laraba mata tara suka jera aikinsu na sati uku a filin gashi, randuna da tuluna da kasake, don kasuwar Juma'a. Aka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu. Zafi ya yi nauyi, ko ganye ba ya motsi. Rahinatu ta raɗa wa Hansai cewa waya ta ce akwai hadari da la'asar. Mairo, wadda randunanta suka fi na kowa yawa, ta yi tsaki, ta ce su dai Inna Hansai suke jira.

Hansai ta ɗaga kai. Fari fat ta gani, kamar an shimfiɗa mata alawayyo. Ta daɗe a haka, ana jiranta, har wuyanta ya ƙage.

"Ku kunna," in ji ta.

Wuta ta kama ta ko'ina. Mata suka koma inuwa ana raha, ita kuwa ta ƙi zama. Can wajen la'asar, tukwane sun yi jawur, ba mai iya taɓa su, sai ta ji wata iska mai sanyi ta shafi ƙeyarta daga gabas. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya biyo baya. Wannan kam ba ta bukatar ido. Raha ta tsaya, ta ji kowa ya juyo gare ta.

Ta laluba ta kama hannun 'yarta.

"Rahinatu, gaya mini gaskiya. Shirwar nan suna sama?"

"Inna, ai tun azahar suka sauka, kafin a kunna. Kowa ya gani. Mun zaci kin ga abin da ba mu gani ba ne."

Ɗigon farko ya faɗa kan randar Mairo, ya yi cuu.