Shekarar da Kaka Ta Cire Gishiri a Tukunya

Jiya da hantsi maƙwabciyarmu ta soya gabu, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni a kan tabarma. In kai ba ɗan Adar ba ne, gabu ganyen albasa ne da ake dakawa a dunƙule a shanya, sai ranar miya a soya shi har ya yi duhu. Ban san sa'ad da na ajiye carbina ba. Ƙamshin nan ya mayar da ni gidan da na tashi, a wani ƙauye a gindin duwatsu tsakanin Karofane da Buza, zamanin da Nasara ke mulkin ƙasa, ni kuwa ko zane ban iya ɗaurawa da kyau ba.

A gidan kakannina na wajen uba na girma, gida guda da babana da innata da ƙanen babana da iyalinsa. Kakana namiji muna ce masa Tsoho, matarsa kuma Kaka. Tsoho falken gishiri ne. In ayarin Buzaye ya sauko daga arewa bayan girbi, shi ke tarar su ya sayi kantun gishiri, ya ɗora wa jakuna ya yi kudu da shi. Har gidanmu ya samu suna, ana ce masa gidan gishiri. Kantu a jere suke a zaure, awaki na satar lasa, mu yara ma muna yi in ba kowa. Shi kansa Tsoho ba ya cin tuwo sai ya marmasa ƙarin gishiri a miya, kuma kullum akwai taba da kanwa a kumatunsa. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, in ya yi dariya a zaure ana jin sa daga bakin rijiya.

Wata damina sai takalmansa suka daina shiga. Ƙafafun suka kumbura har gwiwa, in ka danna da yatsa ramin sai ya daɗe bai cike ba. Daga nan numfashi ya fara gagararsa. Bai iya kwanciya, sai dai ya jingina da bango ya yi barci a zaune. An yi rubutu, an jiƙa saiwoyi, wanzami ya zo ya yi ƙaho, abin ya ɗan lafa ya dawo. Da ruwa ya ɗauke, babana ya ɗora shi a kan jaki suka tafi likita a Madawa. Ma'aikacin da ya duba shi, wani baƙin mutum mai farar riga, bai ɓoye musu komai ba. Ya ce ciwon ba mai fita ba ne, amma ana iya zama da shi shekaru. Ya ba su ɗan magani, ya ce a bar gishiri, a bar kanwa, a riƙa ɗaga ƙafafu in an zauna, a riƙa ɗan takawa. 

Kaka ta samo ƙaramar tukunya ta fara yi masa miyarsa daban. Ranar farko ya kai loma guda, ya ture akushin da bayan hannu.

“Ni da na ciyar da ƙasar ga gishiri, ni za a ba abincin ɗan kaso?”

Bai sake taɓa tuwo ba. Sai ɗan ruwan fura yake kurɓa. Fuskarsa ta zube, wuya ya yi tsawo, ƙasa kuma kumburi na ƙaruwa. Dattawan gari suka fara zuwa gaisuwa da irin muryar nan ta ƙasa-ƙasa, su fito suna girgiza kai. Ni yarinya ce, amma na gane abin da suke nufi, don na ga an yi wa wani maƙwabcinmu haka kafin a ɗauke shi.

Kaka ba mai yawan magana ba ce. Gajeruwa ce, siririya, tana tafiya kamar wadda ake jira. Wata safiya ta tara matan gidan a madafa, ta ɗauki ƙaramar tukunyar nan ta kife ta a bayan murhu.

“Daga yau tukunya guda ce a gidan ga. Abin da maigida zai ci, shi kowa zai ci.”

Innata ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, har da yara?”

“Har da ni da nika magana.”

Ta yi rangwame guda: mai goyo da mai wuni a gona, in jikinsa ya nema, ya lasa gishiri a ɗakinsa. Amma ba a tukunya ba, ba kuma a gaban Tsoho ba.

Kada ka zaci abin ya zo da sauƙi. Miyar kwanakin farko ko kare sai ya yi tunani. Ƙanen babana ya koma cin tuwon dare gidan abokinsa. A rijiya mata na yi wa innata ba'a, wai gidan gishiri ya koma gidan lami. Kaka ta ji, ta ci gaba da aikinta. Da sassafe take ɗaukar ƙwarya ta sauka fadama da ƙafarta, ta dawo da yakuwa da lalo da ganyen zogale. Ta ƙara gabu, ta ƙara daddawar batso, ta jiƙa tsamiya, ta daka citta da masoro. Yau tsami ya yi yawa, gobe yaji, jibi ta gyara. Wake da ba ya nuna da wuri sai da kanwa, ta koma jiƙa shi tun da asuba ta bar shi a wuta har azahar. Ta rage girman malmalar tuwo ta yawaita ganye. Akwai wata Bafillatana da ke kawo mana nono, Kaka ta ce kullum ta fara biyowa ta gidanmu kafin ta shiga gari.

Tsoho bai yarda ba. Yana zaton dabara ce ake yi masa. Wata yamma aka kai tuwon maza zaure, ya ce babana ya miƙo akushinsa. Ya ɗanɗana. Ya aika aka kira ni da ƙwaryar da muke ci mu yara, ya sa yatsa ya ɗanɗana ita ma. Sai ya dubi babana.

“Kai ma shi kaka ci?”

Babana ya ce, “Shi muka ci, Baba, gidan duka.”

Tsoho ya jawo nasa akushin, ya yi bismilla. Ina tsaye ina kallo har ya suɗe hannu. Da na koma na gaya wa Kaka, sai ta ce in je in ɗauko kwanukan, ta juya baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Daga nan ta ɓullo da wata hanyar. Ta ce ta tsufa, ba ta iya kai fura ɗaki, sai dai ya fito gindin bedi, wato dogon yaro, ya sha. Da ya saba, ta mayar da ita gindin gawon da ke bayan gida. Kafin sanyi ya wuce yana zuwa masallaci da sandarsa, kafin bazara takalmansa sun shiga. Sau ɗaya ya zame. Da layya ya ci soyayyen nama gidan amininsa, ya bi da taba da kanwa. Bayan 'yan kwanaki ƙafafun suka tashi, numfashi ya koma gidan jiya. Muna jiran faɗa, Kaka ba ta yi ba. Ta kawo turmi ta kwantar, ta ɗora masa ƙafafu a kai, ta zauna tana yi masa fifita. Da ya samu sauƙi, da kansa ya kira ƙanen babana ya damƙa masa jakuna da fataucin, ya ce a kwashe kantu daga zaure a kai rumbun baya. Jakar tabarsa kuma ya ba aminin nan nasa.

Amfanin wannan wahala bai bayyana sosai ba sai a shekarun babban yaƙin Nasara, lokacin da ake kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin hanya. Ana gab da shuka aka tafi da babana da ƙanensa. Gida ya rage mata da yara da tsoho mai ciwo. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙasa na ƙamshi, maƙwabta duk sun fita, innata ta zauna a bakin ɗaki hawaye na zuba, don ta san gonar da ba a shuka ba a wannan ruwan, yunwa ce ta shekara.

Sai ga Tsoho ya fito da sungumi a kafaɗa.

Kaka ta dube shi ta ce, “Maigida, ina zuwa?”

“Ku ɗauko iri.”

Shi ne a gaba yana sara, mu muna biye muna zuba iri muna rufewa da diddige. In numfashi ya tsaya masa, sai ya zauna a inuwa ya ɗora ƙafafu a kan dutse, Kaka ta ba shi fura da nono, ya huta, ya tashi. Mutanen da suka zo masa gaisuwar ƙasa-ƙasa a shekarun baya suka tsaya a bakin gona suna kallo. Ba mu shuka gonar duka ba, amma mun shuka abin da zai riƙe gida. Da noma ya zo ya kira gayya, dattawa da samarin da suka rage suka amsa masa, don ba wanda zai iya cewa ya gaji alhali ga shi a tsaye. Sa'ad da babana ya dawo, a rame, ƙafa duk faso, ya tarar da gero ya fid da kai. Ya durƙusa gaban Tsoho a bakin gona. Ni dai tun ranar ban ƙara sunkuyar da kai a rijiya ba in an ambaci miyar gidanmu.

Ciwon bai bar shi ba. Har ya koma ga Allah a jingine yake barci, kuma duk damina sai ƙafafun sun ɗan tashi. Amma shi ya ba da aurena, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba, da ƙafarsa ya zo. Kaka kuwa ta daɗe bayansa, tana tsinkar ganye har idonta ya dushe.

Yanzu ga ni na wuce shekarun da suka yi. Ni ma an ce ina da hawan jini, ina shan ƙwaya kowace safiya, kuma ina gode wa Allah da ita, don da Tsoho ya same ta da ya ɗanɗana barci a kwance. Sai dai abinci ya canza. Shinkafa da taliya sun kori tuwon dawa, miya ba ta yiwuwa sai da dunƙulen kanti, yara na raina ganye, ga ciwon sukari ya shiga gidajen da da ba a san sunansa ba. Kwanan baya wasu 'yan mata ma'aikatan lafiya suka zo ƙauyenmu, suna binciken yadda tsofaffi ke rayuwa da abin da suke ci. Yara ne masu ladabi, sun durƙusa sun gaishe ni, sun auna hannuna, sun saurari labarin nan har ƙarshe ba su katse ni ba. Da za su tafi, ɗaya ta ce cikin jin nauyi, “Kaka, ko kina iya tashi daga tabarma ba a kama ki ba?” Ta miƙo hannu don ko da zan faɗi.

Na ce ta ja da baya kaɗan. Na tattara zanena, na miƙe, na raka su har ƙofar gida.