Dutsen sararin sama da irin geron maƙwabcinmu

Shekarun baya, ba a jima da yanke mu daga Sakkwato ba, ina karatu a Ƙauran Namoda, ina jin kaina kamar ni na kawo boko Zamfara. Wani malaminmu ya ba mu labarin duwatsun da ke zagaya rana tsakanin duniyoyin Mirriku da Mushtari. Ya ce na farkon da aka gano, wani mai duban taurari ne ya lura da ɗigon haske da ke sauya wuri kullum. Ya riƙa rubuta inda ya gan shi, har hasken rana ya ɓatar masa da shi. Sai wani gwanin lissafi ya ɗauki rubutun nan ya fitar da hanyar da dutsen ke bi, ya ce a duba wuri kaza. Aka duba, sai ga shi! Shekara huɗu da 'yan watanni yake yi kafin ya gama zagaye ɗaya.

Wallahi labarin nan ya shige ni. Na tafi hutu Zurmi bakina na ƙaiƙayi.

Mahaifina malami ne, shi ke yi wa manoman unguwarmu lissafin taurarin damina. Ranar da aka yi ruwan farko, bayan La'asar zaure ya cika. Maƙwabcinmu, wani dattijo mai gona ɗaya tal, ya ce, "Allah gafarta Malam, mu shuka?"

"A dakata," in ji mahaifina. "Tauraron shuka bai kama ba. Wanga ruwa na kashe ƙura ne."

Ba wanda ya tambaye ni, amma na gyara zama na zazzage masu labarin dutsen kaf, har da zana da'ira a ƙasa da tsinke. Na ƙare da cewa, "Wannan shi ne lissafi, Baba, ba ƙirgen yatsu ba. Ƙasa ta jiƙe, mi ake jira?"

Mahaifina ya dubi zanen, ya dube ni, ya ce, "Madalla. Allah shi ƙara sani." Ni kuwa, da wauta, na ɗauka yabo ne.

Ashe maƙwabcin nan ya riƙe maganata. Ya ce ai ɗan Malam ya yi boko, ya san abin da yake faɗi. Washegari ya zuba irinsa duka a ƙasa. Ruwa ya ɗauke cak. Gero ya tsiro, ya yi yaushi, ya ƙone. Lokacin da damina ta kankama kowa ya fita shuka, shi ba ya da ko ƙwara.

Mahaifina bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa aka buɗe rumbu, ya ware rabin irinmu, ya ce, "Kai za ka kai mai."

Na isa ƙofar gidansa na miƙa masa irin. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Sannu ɗan Malam. Ni ne ban da haƙuri, na yi gaggawa. Allah shi yi ma karatunka albarka." Na shirya neman gafara tun daga gida, amma kunya ta hana ni. Amin kawai na iya cewa.

Labarin dutsen gaskiya ne, har yau ina koyar da shi. Sai dai waɗancan mutane sun daɗe suna duba sama kafin su buɗe baki, kamar yadda mahaifina ya yi shekara da shekaru. Ni ko damina ɗaya ban taɓa lura da ita ba.

Na yi ta cewa zan koma in roƙi dattijon nan gafara in na zo wani hutun. Ina makaranta aka aiko mini ya rasu.