Faifan da Ke Tsayawa a Bakin Kogo

Mai gyaran talabijin ne, kuma shekara da shekaru da faifai ɗaya yake gwada aikinsa: fim ɗin katun na wata yarinya da ta bi dodo cikin kogo don nemo wa mahaifinta magani. Faifan ya karce, tana kaiwa bakin kogon hoto yake tsayawa cak. Nan yara masu kallo daga ƙofar shago ke rufe shi da tambaya.

"Baba, ta fito kuwa?"

"Ta fito mana," yakan ce, kansa cikin wayoyi. "Ina kuka taɓa ganin 'ya ta tafi ba ta dawo ba?"

Manyan da ke wurin sun san tasa 'yar ta bar gida tun ranar da ya gaya mata baƙar magana.

Rannan wata mai jiran kayanta ta nuna masa ƙarshen fim ɗin a wayarta. Yarinyar ta fito da magani, ta tarar uban ya rasu.

Washegari yara suka sake tambaya.

"Ta fito," in ji shi. "Uban ne ya zauna jira, bai bi sawunta ba."