Motar da Ta Shigo Lungunmu

Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In na yi shiru kuka ne ya tare ni, a jira ni.

Mai gidana mahauci ne a nan Garwa. Ɗanmu soja ne, direban motar sulke mai manyan tayoyi, wadda su suke kira bilinde. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kuma ɗaga ido in dube shi sosai a gaban mutane. Haka aka rene mu.

Duk hutun da ya zo, bayan la'asar sai in shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiya, su tayar da musunsu, kullum shi ke nan guda ɗaya. Uban bai taɓa ganin tankar yaƙi ido da ido ba, a waya ya gan ta a mahauta, tana tafiya a kan sarƙa tana rushe katanga. Tun daga ranar ta shiga ransa.

"Kai soja," in ji shi, "ka roƙi manyanku su ɗauke ka daga wannan akwalar su sa ka a mai sarƙa. Waccan ce bijimi. Taka karsana ce."

"Baba, bijimin naka makaho ne a cikin gari. Ta ɗan rami yake leƙe. Wuyan igwarsa ya yi tsawo, in ya shiga lungu ba ya iya waiwaye, in mutum na saman bene ba ya iya ɗaga kai ya gan shi."

"Ina ruwansa da lungu? Ya bi ta cikin gidan!"

"Gidan wa, Baba? Akwai tsohuwa a ciki tana tuƙa tuwo."

Sai su duka su waiwayo su dube ni, su fashe da dariya.

Yaron ya ce tanka ko tafiyar nesa ba ta yi da ƙafarta, goya ta ake yi a bayan tirela kamar jinjira, don sarƙarta cin kwalta take, ga shan mai. Tasa kuwa in ta tashi daga nan sai Maruwa, da mutane a cikinta, ta sauke su a bakin ƙofar da suke so.

Uban ya murza carbi. Can ya ce, a hankali, "Ni fata na sani. Wuƙata ta san ta saniya, ta san ta akuya. Wacce ta fi kaurin fata a cikin motocin nan?"

"Mai sarƙa, Baba."

"To a can nake son ka."

Ina daga bakin murhu na ji wannan, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

Mai gidan ya rasu da damina, yaron yana kudu, bai ga jana'iza ba. Na shiga takaba, ba fita ko ƙofar gida. Ana cikin haka labari ya zo cewa za a wuce da su yaron arewa inda ake faɗa, ta kan gadar Binuwai, ba za su tsaya ba. Maƙwabta duk suka tafi bakin titi. Ni kaɗai na rage, da baƙin zane, ina jin ƙugin motoci daga nesa kamar na masu ɗauko siminti daga Figil. Na ce a raina, ga shi zai wuce, ni kuwa katanga zan kalla.

Na jingina da darbejiya. Ban san barci ne ko ba barci ba. Na ga mai gidan da sandarsa yana kora tankarsa zuwa kogi, tana tafe a hankali tana kaɗa wuya, ta durƙusa ta sa bakin igwa a ruwa tana sha. Belbela ta sauka a bayanta. Shi kuwa yana shafa gefenta yana yaba kaurin fata.

Rawar ƙasa ce ta tashe ni. Ƙugin ya bar titi, ya kusato, har na ji wani abu ya karci katangar maƙwabcinmu. Sai sallama a zaure.

Su yaron ne. Shugabansu ne ya ji labarin rasuwar, ya ce a ratse a yi gaisuwa. Suka tsuguna a zaure da manyan takalmansu suka yi addu'a. Yaron ya shigo tsakar gida shi kaɗai, ya durƙusa a gabana, yana warin baƙin mai.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya."

Ya dubi inda tabarmar take zama. Ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Kin gani ko? Da ta Baba ce, da ba ta shigo lungun nan ba."

Ranar na ajiye kunya. Na kama fuskarsa da hannu biyu na dube shi, na ga har furfura ta soma fito masa a gefen kunne, ban sani ba. Na kira sunansa, sau ɗaya. Aka danna odar mota a waje, ya tashi.

Kafin in fita takaba aka zo mini da labari. Nakiyar da aka binne a hanya ce ta tashi a ƙarƙashinsu, bai tsira ba. Wani daga cikin masu gaisuwa ya ce da mai sarƙa ce wataƙila da ta ɗauke. Wani ya ce ita ma cikinta ba shi da kauri.

Har yau idan na gyangyaɗa da rana nakan gan su a gindin darbejiya, ba su gama ba. Su waiwayo su ce in raba musu gardama. Me zan ce? Ɗaya ya so a ɓoye mini shi a cikin ƙarfe mai kauri. Ɗaya ya kawo mini fuskarsa har tsakar gida.

Maƙwabcinmu ya tashi yaɓe katangarsa bara. Na aika na roƙe shi ya bar mini wurin da motar ta karta. Ya bari. Daidai kafaɗata yake, in zan wuce nakan sa hannu.