Kamu Shida da Hannun Mamu Karamat

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran yayan mahaifiyata, Mamu Karamat Buksh, a gidansa da ke bakin kogin Ba, yana da shekara tamanin da huɗu. Matarsa, Mami Hafiza, ta ce ya sha shayinsa, ya ci rabin gurasar roti, ya tambaya ko an kai shanu tudu, sannan ya kishingiɗa. Bai sake tashi ba.

Mamu, jama'a za su tuna ka da noman rake da kaifin baki. Za su tuna yadda kake bin gidaje da igiya a kafaɗa da zarar rediyo ya ce guguwa na tafe, kana ɗaure wa mutane kwanon rufi kana yi musu faɗan lalaci, ba ruwanka da ko masallaci mai gidan ke zuwa ko coci. Bayan guguwar Winston, tsofaffin ƙusoshin da ka yi shekaru kana miƙar da su kana tarawa a gwangwani, muna yi maka dariya, su suka rufe rabin unguwarmu.

Ni ginshiƙin nan zan tuna, na katako, wanda ke ɗauke da gidanka tun zamanin mahaifinka. Duk ambaliyar da ta zo ta wuce, kafin a fara kwashe taɓo, sai ka ɗauki addar saran rake ka tsaga daidai inda ruwa ya tsaya. Akwai tsagar guguwar Kina ta 1993, akwai ta 2009. Can sama da su duka akwai ta 1931, wadda mahaifinka ya yi. Ba mu taɓa yarda da ita ba. Cewa muke tsohon ya taka tsani ne ya tsaga don ya tsorata jikoki.

Da na tashi gina gidana kusa da naka a 2010, na zo na tambaye ka kamu nawa zan ɗaga shi daga ƙasa.

"Shida," ka ce. "Ka rage ko yatsa ɗaya, kada ka kira ni ranar da kifi ya kawo maka ziyara."

"Haba Mamu, gida zan gina ko ɗakin tantabara?"

"Ka taɓa jin tantabarar da ta nutse? Tashi ka ba ni wuri, Firoz."

Yau zan faɗi abin da ka rufa mini shekara goma sha uku. Kamu shida na auna, ban rage ko ɗaya ba. Amma da hannuna na auna. Kai dogo ne, ni kuwa gajartar dangin mahaifina na kwaso, kuma na sani sarai cewa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa ka fi ni da yatsu huɗu. Na sani, na yi shiru, don kunyar dogon gida nake ji a gaban abokaina masu gidan siminti a ƙasa. Yatsu huɗu sau shida, kusan kamu guda ke nan na cinye.

Da safiyar wata Juma'a a ƙarshen Maris ɗin 2012 kogi ya zo karɓar kamunsa. Kafin mu gama karyawa ya haɗiye matakala. Kafin hantsi yana ɓulɓulowa ta tsakanin katakon daɓe. Matata Rukshana na da cikin wata takwas, mahaifiyata ba ta iya tafiya. Na ɗora su kan teburin cin abinci, na tsaya ruwa yana hawa ƙwaurina, ina kallon gidanka ta taga, daɓensa a bushe. Ban taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Ban kira ka ba, tunda ka ce kada in kira.

Sai ga ka cikin kwalekwalen maƙwabcinmu Inoke, shi yana tuƙi, kai kana ture itatuwan da ruwa ya kwaso, da shekararka saba'in da ɗaya. Ka shigo ta taga, ka sungumi ƙanwarka, ka miƙa ta ga Inoke. Sai da kowa ya shiga kwalekwale ka kama hannuna ka jera da naka. Ka dubi bambancin, ka dube ni.

"Da wannan ɗan guntun ka auna?"

"Da shi, Mamu."

"To, laifina ne. Ni na ce kamu, ban ce na wa ba."

Ka san ƙarya kake yi mini don in samu wurin ɓoye fuskata, ni ma na sani. Ba ka sake ta da maganar ba, kai da ba ka iya barin kuskuren mutum ya kwana. Da ruwa ya janye ka tsaga ginshiƙinka, ka yanko gora daidai tsawon hannunka ka ba ni, muka ɗaga gidan. Ɗiyata Shabnam, wadda aka haifa bayan mako uku, a gidan ta girma, ruwa bai sake taɓa daɓensa ba.

Ina cikin waɗanda suka yi maka wanka. Da na ɗaga hannunka na dama, ban san lokacin da na jera nawa da shi ba. Ciwo ya ramar da kai, amma yatsu huɗun nan suna nan. A nan kuka ya ƙwace mini.

Mami Hafiza ta ba ni addar, gorar kuma tana rataye a jikin ginshiƙi. Duk wanda zai yi gini a unguwar nan ya zo ya ara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mami, da 'ya'yanka Nazir da Farida, da jikoki, da Inoke wanda ya ƙi barin bakin kabari har kowa ya watse. Allah Ya ba mu haƙuri. Mamu, Allah Ya gafarta maka, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini, Ya yalwata kabarinka da ma'aunin rahamarSa, ba da irin hannuna ba. Amin.